Waƙa Goma a Kan Muryar Baba

Duk wanda ya san Sahabi ya san ba mai musu ba ne. Ka zagi garinsu Funtuwa, dariya zai yi. Ka ce tuwon da ya tuƙa ya yi gudaji, zai ce gaskiyarka. Amma ka kuskura ka ce kiɗan kantiri, wato waƙar Turawan ƙauyen nan masu malafa, ba waƙa ba ce, to ranar ka janyo wa kanka wa'azi, sai ka nemi kujera ka zauna.

Ciwon ba a New York ya kama shi ba. Tun yana makarantar kwana a Zariya gidan rediyo ke sako irin waƙoƙin ranar Lahadi da hantsi, shi da abokansa su kewaye 'yar rediyo ɗaya kamar masu jin ɗumi. Da ya zo Amurka a tamanin da bakwai, ya sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Bronx, sai ya ɗauka ya zo gidan abin. Ina! A benensu na titin Grand Concourse kowa da kiɗansa, ban da nasa. Ranar da ya shiga wani shago a Harlem ya tambayi kantiri, mai shagon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ko dai ɓatan hanya ya yi. Tun daga nan ya koma rage sauti in zai saurara.

A kakar casa'in da ɗaya wani sabon kaset ya fito, na wani saurayin Bature ɗan Teksas, waƙa goma cif. Sahabi bai iya furta sunansa daidai ba, sai ya laƙaba masa Mai Malafa. Kaset ɗin ya shiga ransa ba ƙaramar shiga ba. Da shi yake karyawa, da shi yake guga.

Ana cikin haka, ranar wata Litinin, Alhaji Ɗanasabe ya iso daga gida. Falke ne, sau biyu a shekara yake kawo huluna da jakunkunan fata ga masu tebur a 125th Street, kuma shi ne gidan wayar mutanen Funtuwa. Ya miƙa wa Sahabi ƙullin kuka da daddawa, sannan ya zaro ambulan daga aljihun 'yar cikinsa.

"Wannan daga hannun mahaifinku Malam Lawal ne," in ji shi. "Ya ce naku ne kai da Hajara. Ku saurara tare."

"Da wa, Alhaji?"

"Da Hajara na ce, ko kunnenka ya toshe ne?"

Ai dole ya sake tambaya. Hajara yayarsa ce, ita ta fara zuwa Amurka karatun jinya, ita kuma ta jawo shi. A nan ta haɗu da Saani, Bahaushen Zangon Kumasi mai tuƙa tasi. Ta rubuta wa Baba, Baba ya ce bai san asalin mutumin ba, ta jira sai ta dawo gida. Ba ta jira ba, wani limami a Bronx ya ɗaura aure. Yau shekara takwas ke nan Malam Lawal bai kira sunanta ba. Kaset zai zo, domin tsohon ba ya son rubutu, ya fi son ya yi magana a rikoda, ya gaida Sahabi, ya gaida maƙwabtan Sahabi da bai taɓa gani ba, har ya tambayi sanyin Amurka, amma Hajara ko a tari. Ta haifi biyu, ta aika hotuna, aka maido ambulan ɗin ko buɗewa ba a yi ba.

Sahabi ya buga mata waya. Ya faɗa mata zancen kaset ɗin. Ta ce a gidan tsofaffin da take aiki ba ta da hutu sai Lahadi.

"Kada ka taɓa shi, Sahabi."

"Haba Yaya, ko da wasa."

Kuma gaskiya ya faɗa. A gidan Malam Lawal ƙarami ba ya riga babba sa hannu a akushi. Abin da ya yi kawai, ya fitar da kaset ɗin daga ambulan ya jujjuya shi a hannu. Babu rubutu a jikinsa, domin Baba a kan ambulan yake sa suna. Irin waɗanda shi Sahabi yake saya ne dozin-dozin, ya aika rabi gida don a riƙa ɗauko masa saƙo, ya bar rabi don kansa. Ya ɗora shi a saman rikodarsa mai baki biyu, wai don kada ya manta da shi ranar Lahadi.

Ranar Laraba a wurin aiki, lokacin cin abincin rana, Odel ya gan shi da kwalin Mai Malafa yana karanta baitocin. Odel baƙar fata ne ɗan Karolina, dattijo mai furfura a gemu, shekararsa ashirin a ɗakin gwajin, shi ya koya wa Sahabi aikin. Ya ɗauki kwalin da 'yan yatsu biyu.

"Kai, mutumin Afirka," ya ce da Turanci, "me kake yi da wannan?"

"Waƙa ce mai kyau."

"Inda na tashi, irin wannan kiɗan daga tagar wuraren da aka hana mu shiga yake fitowa. Kakana auduga ya tsinta wa iyayen masu waƙar nan har bayansa ya tanƙware."

Sahabi ya ji nauyi, don bai taɓa kallon abin ta nan ba. Da mai hankali ne da ya bar zancen. Amma an taɓa Mai Malafa.

"Ni ma ɗan auduga ne," ya ce. "Ubana shekara talatin yana awonta a Funtuwa. Ban ce ka yafe wa kowa ba, cewa na yi ka saurara. Yaron nan ba ya ihu, ba ya yabon kansa. Magana yake yi kamar yana zaune kusa da kai a benci. Kowace waƙa labari ce, tana da kai tana da gindi. Akwai mai goge a bayansa da ya san inda zai shigo, ya kuma san inda zai yi shiru, wannan kuwa ba kowane makaɗi ya sani ba. Ta takwas dai ban tsaya mata ba, hayaniya ce ta 'yan rawa. Amma ta biyar! Direban babbar mota ne, duk mako sai ya wuce mararrabar ƙauyensu. Kullum in ya zo wurin sai ya rage gudu, amma ba ya kwana. Shekara goma sha biyu yana rage gudu. Ba a gaya maka laifin da ya yi ba, kai za ka sa naka. In ka ji ta ba ka ji komai a ƙirjinka ba, ni zan wanke maka kwalabe wata guda."

Odel ya yi dariya har da buga tebur. "To kawo min gobe. Amma ba zan sa shi ba sai na ɗaga gilashin mota."

Gaggawa dai aikin shaiɗan ce. Ranar Alhamis Sahabi ya koma barci bayan asuba, ya farka saura kaɗan jirgin ƙasa na layin D ya wuce shi. Nasa kaset ɗin ba ya barin ɗaki, ko limami ne ya roƙa, saboda haka kwafi zai yi. Ya jefa Mai Malafa a baki ɗaya, ya miƙa hannu saman rikoda ya ɗauko kaset marar rubutu ya jefa a ɗayan, ya maida shi farko, ya danna jan maɓalli da na sauri, ya shiga wanka yana waƙa. Wallahi yana waƙa.

Ranar Juma'a da safe Odel ya shigo bai ko cire kwat ba, ya tsaya a gaban teburin Sahabi ya ɗaga hannu biyu.

"Ka ci," in ji shi. "Ta biyar ɗin nan sai da na tsaya a gefen titi. Shekarata tara ban je Karolina ba. Ta uku ma ba laifi. Yaron ya iya, ba zan yi ƙarya ba."

Sahabi ya washe baki, daɗi ya cika shi fal. Shekara huɗu yana jiran mutum ɗaya a garin nan ya faɗi haka.

"Sai dai ban gane ƙarshen ba," Odel ya ci gaba. "Wane ne tsohon da ke magana bayan waƙa ta goma? Yarenku ne? Har da kukan akuya."

Sahabi ya miƙe zumbur. Bai san lokacin da ya karɓi kaset ɗin ba, bai san lokacin da ya ari 'yar rikodar kunne ta wata ma'aikaciya ba. Ya tsinci kansa zaune a matakalar bayan asibiti yana tura kaset gaba. Goge ya ja dogon numfashi ya mutu. Aka yi ƙas. Sai ga muryar Malam Lawal, a tsakiyar magana.

"...to ke Hajara, kin dai ji abin da na ce. Sau ɗaya na faɗa, ba kuma zan maimaita ba. In kin yarda da hakan, ki ba Ɗanasabe amsa ya taho min da ita. In ya dawo hannu rabbana, na san matsayinki, shi ke nan. Kai kuma Sahabi, na sa ka a tsakani ne don ka zama shaida. Kai dai tunda aka haife ka ba ka taɓa ba ni kunya ba. Allah ya yi maka albarka. Wassalamu alaikum."

Ƙarar kujera, kukan akuya, shiru. Ya juya ɗaya gefen, babu komai. Minti talatin da huɗu tsohon ya yi yana faɗin abin da ya riƙe shekara takwas, duk sun tafi ƙarƙashin waƙa goma. Innalillahi! Sahabi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A masallacin Juma'a ranar ko kalma ɗaya ta huɗuba bai ji ba.

Ranar Asabar ya sauka Harlem ya sami Alhaji Ɗanasabe a tsakanin masu tebur yana jera huluna. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi damina, ya tambayi jikin Baba, sannan ya ce ko Alhaji yana wurin da aka ɗauki kaset ɗin.

"Ni? Korar kowa ya yi daga zaure, ya sa sakata. Ko uwarku ba ta san abin da ke ciki ba. Ashe ba ku saurara ba?"

"Sai gobe, Alhaji."

"To ku hanzarta, Talata nake tashi. Kuma ka san halin mutumin, ba zai taka gidan waya ya bi layi don ya yi magana da ɗan da ya haifa ba."

Lahadi da hantsi ya kama hanyar Staten Island. Hanya ce mai tsawo, jirgin ƙasa, sai jirgin ruwa, sai bas zuwa Park Hill, kuma doguwar hanya ita ke ba ƙarya lokacin nuna. Kafin jirgin ruwa ya kai tsakiya ya gama shirya tasa. Zai ce na'urar binciken kaya ta filin jirgin sama ce ta goge shi, ai kowa ya san tana yi. Ya ma taho da sabon kaset wanda babu komai a ciki, a aljihun hagu. Na gaskiyar yana aljihun dama. Ya tsaya a bakin ƙarfe yana kallon ruwa, ya fitar da shi, ya sake mayarwa. Ko ba komai sunanta na ciki.

A ƙofar bene ya ci karo da Saani yana fita da yaran biyu.

"Suruki, barka da zuwa," Saani ya ce da Hausarsa ta Zango. "Yayanka yana sama, tun asuba bai zauna ba. Ni zan kai yara yawo, ku yi maganarku."

Ya hau. Ƙamshin miyar kuka ya tare shi tun daga lif. Da ta buɗe ƙofa sai ya rasa inda zai sa idonsa. Hajara ta ci ado da atamfar sallah, ta yafa mayafi har goshi. Ta kashe talabijin, ta cire wayar tarho daga bango. Ta ɗora rikoda a kan kujerar zaman Saani, babbar kujerar ɗakin, ita kuma ta shimfiɗa darduma a ƙasa a gabanta. Mace mai shekara talatin da bakwai, mai kula da tsofaffi ashirin, ta durƙusa gaban rikoda kamar yarinyar da aka kira zaure.

"Abinci sai mun gama," ta ce. "Kawo."

Hannunsa ya tafi aljihun hagu. Ya taɓa kaset ɗin ƙarya, ya dubi mayafin, ya dubi dardumar. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya zaro na dama, ya durƙusa shi ma, ya faɗa mata komai, da Odel, da musun, da wankan. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Da zagi ta yi da ya ji sauƙi. Da mari ne ma da ya gode. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta karɓi kaset ɗin ta sa, ta maida shi farko.

"Yaya, a ƙarshe ne muryar take. Bari in tura miki."

"Bar shi. Wataƙila wani abu ya tsira a tsakani."

Haka suka zauna a ƙasa, ita da shi, Bature ɗan Teksas yana rera musu waƙa. Duk inda waƙa ta ƙare sai ta matso ta kara kunne, ba ta jin komai sai shuuu, wata ta tashi. Sahabi bai taɓa sanin waƙa goma na da tsawo haka ba. Abin takaicin ma, da ta biyar ta shigo, mai goge ya ja, sai ƙafarsa ta soma kaɗawa da kanta. Ya danne ta da hannu, amma ta riga ta gani.

Goge ya mutu, aka yi ƙas, Baba ya yi magana. Hajara ta sa mayafi ta toshe baki. Da ya kai sallama ta maida baya kaɗan, ta sake ji, ta sake maidawa. Sau huɗu.

"Ya kira sunana," ta ce. "Ka ji? Ya tsufa, Sahabi. Muryarsa ta tsufa."

"Yaya, ki yafe ni."

"In na yarda da me? Me ya ce in yarda da shi? In zo gida? In kawo yara? In rabu da Saani?" Ta girgiza kai. "In na ce na yarda, ban san abin da na ɗauka ba. In na yi shiru, ya ce na raina shi."

Ta tashi ta wanke fuska. Da ta dawo ta miƙa masa hannu. "Na ga kana lalubar ɗaya aljihun. Ba ni sabon."

Wayyo kunya! Ashe har wannan ta gani. Ya ba ta. Ta sa a rikoda, ta gyara mayafi.

"Saurara," ta ce. "Dole ya san ba mu ji ba. Amma zan ce a hannuna ya lalace. Ni na saba da fushinsa, ƙari ɗaya ba zai kashe ni ba. Kai kaɗai ka rage masa da yake bugun ƙirji da shi. Ka ji abin da ya ce maka. Tsoho ne, a bar shi da abinsa."

A nan ne Sahabi ya kamata ya ce a'a, tun kafin ta rufe baki. Bai ce ba. Wani sanyi ne ma ya ratsa shi, sanyin wanda aka sauke wa kaya, kuma ya san ta ga hakan a fuskarsa. Ta ɗan dube shi, ta kau da kai, ta danna jan maɓalli.

"Assalamu alaikum. Baba, ina wuni. Hajara ce." Ta gyara zama. "Saƙonka ya iso, na gode, Allah ya ƙara girma. Sai dai Baba, ka yi haƙuri, ban ji abin da ka faɗa ba. Sakacina ne. Ni na ajiye kaset ɗin inda bai kamata ba, har ya..."

"Baba, ba haka aka yi ba."

Maganar ta fito masa da ƙarfi, har shi kansa ya razana. Hajara ta kai hannu za ta tsayar da rikoda, ya riƙe hannun, abin da bai taɓa yi ba tun suna yara.

"Sake ni in goge," ta ce ƙasa-ƙasa.

"A'a Yaya, bar shi ya ji har da naki."

Ya matso da gwiwa har gaban kujerar, ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan dardumar.

"Baba, ni ne Sahabi. Rufa min asiri take yi, kuma na yi shiru na bar ta ta fara. Ko taɓa kaset ɗin ba ta yi ba sai yau. Tun safe take durƙushe a nan tana jiran maganarka. Amanar a hannuna take, ni na goge ta. Ka ce ba ka maimaitawa, na sani. Amma don Allah ka maimaita mata, fushin ka juyo da shi kaina. Kuma Baba, kada ka ɗauka wani abin kirki na ɗora a kai, ba karatu ba ne, ba wa'azi ba ne. Waƙa ce."